Dokin Hammadu Saki-Linzami

Duk yankin Gwashi, in ka ce kana neman Hammadu, sai an tambaye ka wanne, don masu sunan da yawa suke. Amma ka ce Saki-Linzami, ko mai tallan nono za ta turo baki ta nuna maka hanyar Tungar Marke, ta ce in ka ga gida mai turken doki a ƙofa, to ka iso. Turken yana nan har gobe. Ciyawa ta fito ta kewaye shi, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin tuge shi.

Hammadu ɗan Fulanin zaune ne. Ubansa na da 'yan shanu da gonar dawa, kuma burinsa bai wuce yaron ya riƙe sanda ya bi garke kamar kowa ba. Ina! Yaron nan ba ruwansa da saniya. A tura shi kiwo, sai a tarar da shanun cikin gonar mutane, shi kuma yana can ƙololuwar marke yana hangen hanya ko mai doki zai gifta. Innarsa takan zo gindin itacen ta riƙe ƙugu ta daka masa tsawa da Fulatanci, "Jippa!", wato sauko. Ya sha wannan kalma har ta zauna masa a kunne. Da uban ya gaji da zuwa ba masu gona haƙuri, sai ya kama hannunsa ya kai shi Gummi wurin wani mai horon dawaki ana ce da shi Bala, ya ce, "Ga shi nan. Tunda doki shika so, bari shi kwashi kashin doki har shi ƙoshi."

Kashin kuwa ya kwasa. Bala gajeren mutum ne mai bauɗaɗɗun ƙafafu, bakinsa ya fi barkono zafi. Sai da Hammadu ya yi shekara da shekaru yana yankan ciyawa, yana jiƙa dusa da kanwa, yana cire wa dawaki kaska, kafin a bar shi ya sa ƙafa a likkafa. Abu na ƙarshe da Bala ya koya masa shi ne tayar da doki, wato a sa shi ya ɗaga ƙafafun gaba ya tsaya cak a kan na baya, abin da ake so a gani ranar biki in an fito da ango.

Ba da duka ake yin wannan ba, ko da yake wawaye da duka suke yi. Da fari sai doki ya iya ja da baya, ya iya tattara jikinsa wuri guda. Sannan ka tsaya gabansa a ƙasa, ka ɗan taɓa ƙirjinsa da tsumagiya, ɗaya hannun ka ɗaga shi sama da guntun mazarƙwaila. Ranar da ya ɗaga kofato ko yaya ne, ka ba shi ya ci, ka yaba masa, ka mai da shi turke, aikin ranar ya ƙare. Gobe ya ƙara kaɗan. Sai ya saba sarai sannan kake hawa, ka tattara linzami, ka matse shi da dugadugai, shi kuma ya tashi.

Bala na da sharuɗɗa, kuma da zagi yake koyar da su. "In yat tashi, sake mai linzami ka kwanta bisa wuyanai, ɗan banza! Ka ja shi shina sama, shi kihe da baya, katakon sirdi shi shige ma ƙirji. Na ga wanda anka kwasa hakanan." Kuma ba a tayar da doki a kai a kai, don nauyinsa duka da na mahayi a ƙugu yake sauka, dokin da ƙugunsa ya gaji kuwa in ya tashi ba ya iya dawowa ta gaba. Akwai wani kuma da tsohon ya fi nanatawa, cewa umarnin tashi daga hannunka da dugaduganka zai fito, ba daga wani wuri ba. Hammadu ya riƙe sauran da kyau. Wannan na ƙarshen ne ya ɗauka surutun tsufa ne.

A wurin biki ya haɗu da Saude. Ita ce mai guɗar ƙauyensu, in ta kama hanci ta rangaɗa ta, wallahi har hayin gulbi ana ji. Ya tayar da dokin wani a gabanta, ta yi masa guɗa wadda ta fi ta ango tsawo, mutane suka kalli juna, kafin kaka an ɗaura. Suka zauna Tungar Marke, suka haifi Lubabatu. Da yake 'yar fari ce, Hammadu bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta gaban mutane ba, haka kunyar take a gidansu. "Ke" yake ce mata, in kuma zancenta yake yi ya ce "waccan". Amma kowa ya san mazarƙwailar da ke aljihunsa a gutsure take, rabi na doki, rabi nata.

Da ubansa ya rasu, bijimin da ya gada ya kora kasuwar Gummi ya dawo da duƙushi. 'Yan'uwa suka ce ya zautu. Duƙushin jan doki ne, ƙafafunsa na gaba farare har gwiwa kamar ya tsoma su cikin ƙwaryar nono, shi ya sa ake ce masa Danda. Hammadu ya hore shi yadda Bala ya koya masa, bai taɓa ɗaga masa sanda ba. Abin da ya ƙara nasa na kansa shi ne kalmar sauka. In Danda ya tashi, yana nan tsaye sai ya ji an ce masa "jippa" a kunne, sannan ya dire, ya juyo da kai yana neman zaƙinsa.

Lokacin nan ne zinare ya fashe wajen Anka. Samari suka watsar da fartanya suka shiga rami, aure kuwa aka shiga yi ba ƙaƙƙautawa. Da zinaren babur ya zo. Kai, babur! Sai samari su shigo filin biki su murɗa, su ɗaga tayar gaba, su yi ta zagaye suna ihu, 'yan mata duk su juya wa doki baya. Wata rana a Zugu Hammadu ya tayar da Danda tsaf, tashin da ko Bala ba zai kushe ba, amma ba wanda ya kalla sai wasu tsofaffi a inuwa. Wani saurayi ya gifta shi a kan babur ya ce, "Baba, namu ma shina tashi, kuma ba shi cin harawa."

Maganar nan ta ci masa rai. Ya yi ta juya ta a zuci yana neman abin da doki zai yi wanda babur ba zai iya ba, har ya gano. Mai babur dole ya riƙe kan babur ɗinsa. Shi kuwa in ya ga dama sai ya saki hannu.

A bukukuwan can, maharba kan zo da bindigar toka su yi ta bugawa sama don taya murna, kuma yawancin dawaki da jin ƙarar sai su zabura. Hammadu ya sami abokinsa Lauwali maharbi, suka ƙulla. Rani guda suka yi a fadamar bayan gari. Da fari Lauwali kan tsaya nesa ya buga, Hammadu na shafa wuyan dokin yana ba shi zaƙi, har ƙarar ta daina ba shi tsoro. Sannan suka haɗa ƙarar da dugadugai, bindiga na tashi ana matse shi. Sannu a hankali Hammadu ya riƙa sassauta matsar, yana sassautawa, har ranar da bai motsa ƙafa ba ko kaɗan, Lauwali ya buga, Danda ya miƙe da kansa. Su biyun suka rungume juna cikin fadama suna dariya kamar yara.

A wani babban biki a Gummi ya fara nunawa. Ya shigo tsakiyar fili ya saki linzami bisa wuyan doki, ya buɗe hannuwa kowa ya gani. Lauwali ya buga. Danda ya tashi, fararen ƙafafun nan suna sama, ya tsaya kamar an kafa shi. Saude ta rangaɗa guɗa, fili ya rikice, masu babur suka kashe injin suka zo kallo. Daga ranar sunan Saki-Linzami ya bi shi.

Bala na wurin, ya tsufa tukuf, an shimfiɗa masa tabarma gindin katanga. Hammadu ya zo ya durƙusa yana jiran yabo, har murmushi ya riga ya shirya.

Tsohon ya ce, "Wancan dokin wa na?"

"Nawa na, Baba."

"A'a. Jiya naka na. Yau na duk mai bindiga na."

Hammadu ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, wa ke da bindiga ƙasar ga in ba su Lauwali ba?" Kuma a gaskiya a lokacin haka ne. Bala ya tofar da goro ya juya kai. Bai kai ga ganin abin da ya biyo baya ba, Allah Ya yi masa rasuwa da daminar.

Shekarun da suka biyo, Hammadu ya sha daɗinsu. Daga Gwashi har Gummi, bikin da Saki-Linzami bai zo ba ana ganin da saura. Lubabatu ta girma tana tankaɗe wa Danda dusa, ta yi aure, ranar bikinta uban bai zauna cikin taro ba saboda kunya, amma dokin ya tashi mata a ƙofar gida.

Abin ba rana ɗaya ya zo ba. Da fari shanu ake kwashewa a rugage, a ji labari a ce Allah Ya kyauta. Sannan aka shiga tare hanyar kasuwa, sannan aka shiga ƙauyuka da rana tsaka. Bindigar da ake ji yanzu ba ta toka ba ce mai ƙara ɗaya a tsaya ɗuri, wannan a jere take magana. Biki ya mutu murus, a ɗaura aure da hantsi a kai amarya shiru kamar an sato ta. Lauwali ya bi masu tsaron gari daji wata safiya, hularsa kawai aka dawo da ita.

Wata la'asar aka ji harbi daga wajen Zugu. Gari ya kaure, mata na kwasar yara, maza na tsallake danga. Hammadu ya fito da gudu zai kwance doki, sai ya tsaya turus. Danda na tsaye cak a turkensa, ƙafafu sama, kunnuwa gaba, yana jiran a ce masa jippa a ba shi mazarƙwaila. Duk garin shi kaɗai ne ke murna. Muryar Bala ta dawo wa Hammadu sak kamar tsohon na gindin katangar.

Daga nan ya shiga warware abin da ya ƙulla. Ya samo tsohon kwanon rufi ya riƙa maka masa taɓarya a bayan dokin, don in ya tashi ya hana shi. Danda ko kunne bai kaɗa ba, ya san bindiga ya san kwano. Ashe ba lokacin darasi sai in ana harbin gaske, kuma a kwanakin nan harbin gaske bai yi wuya ba. To, sai ka ga mutane na gudun ceton rai, shi kuma yana tsaye a turke da sanda yana jira. Ƙara na tashi, doki na yunƙurawa, sai ya zabga masa a fararen ƙafafun nan. Mutumin da bai taɓa dukan dabba ba! Yakan yi dukan ya koma zaure ya zauna ya rasa abin da ke masa daɗi, tuwo ma ya gagare shi. Abin takaicin kuma, dukan bai warware komai ba. Danda ya zama in ya ji harbi sai jikinsa ya ɗauki rawa, gumi ya keto masa, wani lokaci ya tashi rabi ya dire, wani lokaci ya tsaya yana waige. Haniniyar da yakan yi in ya hango ubangidansa ma ya daina.

Saude ta ce, "Malam, ka rabu da dokin ga."

Ya ce, "In ba wa? Wa ka son dokin da bindiga ka tayarwa a wanga zamani?"

Ko mutanen daji, 'yan bindigar nan, ba su so shi ba. Ranar da suka shigo Tungar Marke sun kore shanun noma, sun kore jakuna, sun ɗauke baburan da suka rage, suka wuce tsohon doki a turke ba su ko kalle shi ba.

Daminar da aka hana hawan babur a ƙauyuka aka kuma rufe layin waya, Lubabatu ta dawo gida haihuwar fari. Mijinta Mas'ud na can Anka wurin aiki, ba hanyar da za a aika masa. Cikin ya tsufa, ƙafafunta suka kumbura sumtum har ba ta iya zuwa bakin rijiya. Habsu ungozoma ta zo ta lalluba cikin, ta daɗe tana lallubawa, sannan ta fito ta sami Hammadu a zaure, abin da ba ta saba yi ba.

Ta ce, "Ɗan ga a gicciye shike. Na juya, ya ƙi. Wanga ba aikina ba na, Malam. Ku kai ta asibiti Bukkuyum tun naƙuda ba ta kama ta ba. In ta kama ta nan, ba ni da abin da zan ce muku."

Daga Tungar Marke zuwa inda ake shiga jirgi a haye gulbi, tafiyar safiya ce ga mai lafiya. In an haye akwai mota. Amma wa zai kai ta bakin gulbin? Amalanke na nan a jingine ba shanun da za su ja. Samarin gari sun watse. Abin hawa ɗaya ya rage a Tungar Marke gaba ɗaya, kuma kowa ya san halinsa. Hammadu ya fita ya tsaya gaban dokin ya daɗe yana kallonsa, dokin kuma ya kawar da kai.

Da gari ya waye ya ɗaura sirdi, ya duba majayi ya sake dubawa, ya ninka zanen Saude ya shimfiɗa a kai don taushi. Aka ɗora Lubabatu ta zauna a karkace ta kama geza. Shi ya riƙe ragama yana gaba, Saude na baya da ƙullin kaya a ka. Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo, hanyar ta zama siririn lungu tsakanin gonaki, ƙasa kuma jiƙe take, kowane taku sai ya bar sawu. Gonakin duk ba kowa. Lokacin da ya kamata a ji ƙarar fartanya da hirar manoma, ba ka jin komai sai takun doki da numfashin yarinyar. Hammadu na ta addu'a a zuci, iri ɗaya yake maimaitawa, Allah Ya sa kada a buga.

Sun ci fiye da rabin hanya aka buga. Daga baya ƙarar ta zo, nesa kaɗan. Danda ya tsaya cak. Hammadu ya ji ragamar ta yi tauri a hannunsa, ya ga dokin na tattara ƙugu, sai ya faɗa masa a wuya ya rataya da duk nauyinsa yana cewa, "Jippa, jippa, ɗan albarka, jippa!" Dokin ya ɗaga shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Lubabatu ta zame baya ta cije leɓe. Sannan Danda ya dire yana rawar jiki. Kafin su gama sauke numfashi suka ji kukan babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma hanyar da suke kai ce ake biyowa.

Hammadu ya duba dama ya duba hagu. Gudu ba zai yiwu da ita a sama ba. Su shige dawa da dokin, to ana ƙara bugawa zai miƙe ya fi dawar tsawo ya nuna inda suke. Ya sake shi ya kore shi, biyo su zai yi, don bai san kowa ba sai su. Shi ya koya masa, shi da hannunsa, don dai wani ɗan iska mai babur ya yi masa dariya a Zugu.

Ya sauke yarinyar a hankali ya ce wa Saude, "Ku shiga dawa. Ku bi kwarin nan, shi zai kai ku wurin mai jirgi. Kada ku hito hanya ko mi kunka ji. In kun haye, ki yi min guɗa."

"Guɗa, Malam? Yau?"

"Ita kaɗai zan ji daga nan."

Ya sa hannu aljihu ya gutsuro mazarƙwaila ya danƙa wa 'yarsa. Ya ce, "Lubabatu." Ta ɗago a firgice, don tunda take ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Ya ce, "Ki riƙe innarki da kyau." Dawa ta rufe su. Ya hau, ya juya kan dokin, ya yi ta tattaka sawun matan har ya ɓace, sannan ya koma baya wajen masu zuwa.

A wani fako inda hanyar ta buɗe suka haɗu. Samari ne, wasu ma gemu bai fito musu ba, uku-uku a kan babur, bindigogi a rataye. Suka kewaye shi suna murɗa injin. Babbansu mai jan rawani ya ce, "Tsoho, ina za ka? Wa ke tare da kai?"

"Ni ɗaya nike."

Wani ya miƙa bakin bindiga ya ɗago zanen da ke kan sirdi. Kash, ya manta da zanen! "Kai ɗaya kake, da zanen mace? Ina matan?" Mai jan rawani ya yi wa biyu nuni da haɓa, suka sauka suka nufi hanyar da ya fito. Hammadu ya tuna Lubabatu. Mai ciki irin nata, yanzu ko kwarin ba su kai ba.

Sai wani daga baya ya yi ihu, "Kai, ku tsaya! Wallahi Saki-Linzami na! Na gan shi bikin yayana ina ƙarami. Dokin ga bindiga ka tashe shi!"

Ashe ɗan gida ne. Wataƙila har ya taɓa bin dokin nan a guje yana tafi. Hammadu ya gyara zama ya ce, "Ni na. Ku buga ku gani." Ya saki linzami bisa wuyan doki ya buɗe hannuwa. Biyun nan suka tsaya suka waiwayo.

Aka buga sama. Danda ya ɗauki rawar jiki, ya runtse ido, ya maƙale ƙafafun gaba yana jiran sanda. Bai tashi ba. Samarin suka fashe da dariya, wani ya ce tsoho ya iya ƙarya, biyun nan suka juya za su ci gaba. Innalillahi! Wata da watanni yana dukan dabbar nan don ta daina, sai yau ta ji magana.

Ya sunkuya ya kai sauran mazarƙwailar bakin dokin, ya sa bakinsa a kunnensa ya ce, "Na cuce ka, Danda. Ka yahe min. Yau ɗaya." Ya ɗago ya ce, "Ya tsufa, ba shi ji sosai. Ku ƙara." Wannan karon bindiga na tashi ya matse shi da dugadugai, a ɓoye, yadda Bala ya koya masa tun yana yaro. Danda ya tashi.

Kai, tashin ya yi kyau! Fararen ƙafafu suka yi sama, ya tsaya cak kamar a filin Gummi. Samarin suka ɗauki sowa, biyun nan suka dawo a guje, har mai jan rawani ya washe baki. Hammadu ya bar shi a sama iya yadda zai iya, sannan ya ce jippa. Ba a bari dokin ya huta ba wani ya ce saura shi. Kowa na son ya buga da hannunsa ya ga doki ya tashi masa.

Haka aka yi ta yi. A buga, ya tashi, ya dire, a buga. Bayan 'yan tashi kaɗan ma ba ya bukatar dugadugai, ya tuna aikinsa, yana yi da zuciya ɗaya, tsohon banza, yana juyo da kai neman zaƙin da ya ƙare. Hammadu kuwa jikinsa ne a fakon, hankalinsa na cikin dawa. Yanzu sun kai kwarin. Yanzu ta zauna ta huta, dole ta huta. Yanzu suna gindin kukar da ake hango gulbi. In mai jirgi na hayi sai sun jira ya dawo. Ya riƙa jan lokaci, ya yi wa dokin kirari, ya ba su labarin bikin Gummi, ya ce a bari ya gyara majayi. Samarin ba su da haƙuri, labari bai dame su ba, tashin suke so.

Kumfa ta rufe ƙirjin Danda. Ƙafafunsa na baya suka fara karkarwa, Hammadu na jin abin a cinyoyinsa. Wata direwar dokin ya yi tuntuɓe har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya miƙe da ƙyar. Wani tashin kuma ya yi baya-baya taku biyu yana neman inda zai tsaya. Hammadu ya san abin da wannan ke nufi, ya san shi tun yana kwasar kashi a gidan Bala. Ya kasa kunne wajen gulbi bai ji komai ba, ya ce, "Wa ya rage? Shi buga."

Rana ta ɗaga sosai sannan guɗar ta zo. Siririya ce, daga nesa, daga hayin gulbi, doguwa, irin wadda ta fi ta ango tsawo. Muryar ta tsufa amma ba mai irinta. Samarin suka kalli juna, wani ya ce, "Ji mahaukata, biki suka yi a hayi." Hammadu ya ji hawaye sun zubo masa bai san lokacin ba. Ya ce alhamdulillahi a fili. Ya shafa jiƙaƙƙen wuyan dokin ya ce, "To samari, ya isa hakanan, ya gaji." Ya fara zare ƙafa daga likkafa zai sauka.

Sai wani siriri daga gefe, wanda aka yi ta turewa baya tun ɗazu, ya ce, "Ni ban buga ba."

"Ɗana, bari shi sha iska tukuna, don Allah."

Yaron ya riga ya ɗaga bindigar. Hammadu bai matsa dugadugai ba, ya buɗe ƙafafunsa ma don kada su taɓa shi, amma bindigar ba tasa ba ce, kuma Danda ya ji ta. Ya tattara abin da ya rage masa ya tashi, ya miƙe sosai, ya wuce inda yakan tsaya. Hammadu ya kwanta bisa wuyansa, ya kai baki kunnensa ya ce "jippa", a hankali, ba da tsawa irin ta innarsa ba. Dokin ya kaɗa kunne ya ji, ya yi ƙoƙarin dawowa ta gaba. Ƙugun ne ya ƙi.

Lubabatu ta haihu a Bukkuyum washegari, an yi mata aiki, ita da ɗan duk suka rayu. Saude ba ta sake yin guɗa ba, ko ranar suna. Mutanen da suka je fakon bayan ƙura ta lafa sun same su tare, dokin a sama, Hammadu a ƙasa, duk ba rai, sai da aka haɗa hannu kafin a raba su. Wani dattijo da ya san aikin doki ya duba ya ce ba laifin mahayi ba ne, bai ja shi ba. Linzamin na nan a sake bisa wuyan dokin.